“I work” ko “I am working”: wanne za ka ɗauka, kuma yaushe?

Wata ɗaliba da nake koya wa Turanci da yamma ta kawo mini takardar neman aiki in duba mata kafin ta miƙa. Rubutunta tsaf, babu kuskuren harafi ko ɗaya. Amma a layi na uku ta rubuta: “I am having a diploma in nursing and I am knowing how to use a computer.” Na ɗauki jan biro na ja layi ƙarƙashin “having” da “knowing”. Ta dubi takardar, ta dube ni, ta ce, “Malam, ai yanzu nake da diflomar, ba jiya ba. Ba kun ce abin da ke faruwa yanzu shi ake sa wa -ing ba?”

Tambayarta tana kan hanya. Haka aka koya mana tun muna firamare, haka mu ma muka tashi muna maimaita wa yara: abin da ake yi yanzu a sa masa -ing, abin da aka saba yi a bar shi haka nan. Ƙa'idar ba ƙarya ba ce, sai dai rabin zance ce, kuma rabin da aka bari shi ne yake kayar da Bahaushe. Turanci yana da hanyoyi biyu na magana a kan yanzu. Akwai “I work”, wadda littattafansu ke kira simple present. Zan riƙa ce mata sigar tsura, don aikatau ne kawai babu ƙari. Akwai kuma “I am working”, wato present continuous, wadda zan kira sigar -ing. Kusan duk jimlar da za ka yi a kan yau, sai ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya, kuma wadda ka ɗauka tana iya kai maganarka inda ba ka nufa ba.

Tushen matsalar yana cikin harshenmu, don haka daga nan ya kamata a fara. A nahawun Hausa muna da lokaci mai ci, su “ina, kana, yana” da 'yan uwansu “nake, kake, yake”. Muna kuma da lokaci sabau, su “nakan, kakan, yakan”. Duk wanda ya ga haka zai so ya jera su kafaɗa da kafaɗa: “ina” ta tafi da “am” da -ing, “nakan” ta tafi da sigar tsura, shi ke nan an gama. To, ba su jeru haka ba. Saurari yadda muke magana. Mutum yana zaune a kan tabarma wurin ɗaurin aure ranar Asabar, a tambaye shi sana'arsa, ya ce “ina aiki a asibiti”, alhali ba aikin yake yi a lokacin ba. Wani ya ce “ina sallar asuba a masallacin unguwa”, da tsakar rana yake faɗa. “Ina da mota.” “Ina son shayi.” “Tun safe ina jiranka.” “Ina cin abinci, zan kira ka.” Duk da “ina” muka yi su. “Nakan” ma ba ta fitowa a bakin mutane kamar yadda littafi ke nunawa. Sau da yawa “kullum ina zuwa” muke cewa. Wato “ina” ɗinmu babbar riga ce, kowa ta rufe shi. Ita kuwa -ing ta Bature ɗinkin jiki ce. A cikin jimlolin nan shida, ta ƙarshe ce kaɗai za ta shiga sigar -ing kai tsaye.

Ba mu kaɗai ne wannan ke wahalarwa ba. Wanda ya yi karatun Larabci ya san fi'ili mudari'i: “yaktubu” tana iya nufin yana rubutu yanzu, tana iya nufin yakan rubuta. Faransanci ma haka; “je travaille” ta ɗauke duka biyun, sai in ana son jaddadawa a ƙara “en train de”. Shi ya sa 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka fara da Faransanci kuskurensu yakan juya ta ɗaya ɓangaren, ka ji mutum ya ce “I eat now, call me later”, inda -ing ta zama dole. Broka kuwa “dey” ɗinta kamar “ina” take, komai tana ɗauka. Turanci ne ya fita daban da tilasta wannan zaɓi.

Tambayar da Bature ke yi wa kansa, ko da bai san yana yi ba, ba “yanzu ne ko ba yanzu ba” ce. Tambayar ita ce: abin nan mai wucewa ne, an fara shi, ana tsakiyarsa, za a gama? Ko kuwa haka al'amarin yake zaune? In mai wucewa ne, -ing. In zaunanne ne, tsura.

Ɗauki mutum biyu a Kano. Na farko ya ce “I work in Kano.” Can aikinsa yake, can iyalinsa suke, babu maganar tashi. Na biyu ya ce “I am working in Kano.” Mai sauraro zai ji a ransa cewa an turo shi ne na wani lokaci, wataƙila kwangila ce ta wata shida. Duka jimlolin daidai suke, duka a kan yanzu suke, amma labari biyu suka bayar. Ɗan bautar ƙasa da aka tura Sakkwato na shekara ɗaya, “I am teaching in Sokoto this year” ta fi dacewa da shi. Malamin da ya yi shekara ashirin a aji, “I teach” zai ce. Haka “I live with my uncle” da “I am living with my uncle”: ta farko gidan kawu shi ne gida, ta biyu ana zaune ne kafin a samu haya. Lura kuma, wanda ya ce “I am reading a long book” ba lalle littafin yana hannunsa a wannan minti ba. Ya fara, bai gama ba. Wannan ya isa.

A wurin tambaya ne bambancin ya fi cizo. “What are you doing?” tana nufin me kake yi yanzu haka. “What do you do?” tana nufin mece ce sana'arka. Na sha ganin ɗalibi a gwajin baka an yi masa ta biyu, ya amsa da “I am sitting”, shi kuma mai tambaya aikin yi yake nufi. Likita in ya ce “Do you smoke?” tambaya yake ko kai mashayin taba ne. “Are you smoking?” sai in ya ji warin hayaƙi a ɗakin. Amma da zai ce “Are you taking any medicine?” sai ya koma -ing, domin shan magani abu ne na 'yan kwanaki, ana sa ran a gama.

Ga gwajin da nake ba ɗalibaina, kuma cikin duk dabarun da na gwada shi ya fi yi musu aiki. Kafin ka juya jimlarka, saka mata “cikin” ko “kan” ka ji ko za ta zauna. “Ina cikin cin abinci”, ta zauna, saboda haka “I am eating.” “Muna kan gyaran gidan”, ta zauna: “We are repairing the house.” “Farashi yana kan hawa”: “Prices are rising.” Yanzu gwada “ina cikin da mota” ko “ina kan sanin sunansa”. Kunnenka zai ƙi su tun kafin ka rufe baki. To, inda kunnen Hausa ya ƙi “cikin”, kunnen Bature ma galibi zai ƙi -ing. Gwaji na biyu shi ne ka musanya “ina” da “nakan”. In ma'anar ba ta lalace ba, tsura za ka ɗauka: “ina shan shayi da safe” daidai take da “nakan sha shayi da safe”, don haka “I drink tea in the morning.” Abubuwan da haka Allah ya yi su ma nan suke: “The sun rises in the east.” “Water boils at 100 degrees.” Amma in butar tana kan wuta tana ƙara, uwargida za a kira: “The water is boiling.”

Akwai aikatau guda da ya cancanci a tsaya a kansa, wato “come”. “I come from Katsina” na nufin ni Bakatsine ne, ko da shekara talatin na yi ban taka garin ba. “I am coming from Katsina” na nufin daga can nake, ƙurar hanya tana jikina. Jami'in shige da fice da ya ce “Where do you come from?” asalinka yake tambaya. Soja a shingen hanya da ya ce “Where are you coming from?” inda ka taso yau yake son ji.

Sai kuma “ina zuwa” ɗinmu mai albarka. Wani ƙanena ya taɓa aiki da wani injiniya ɗan Ingila a wurin haƙa rijiyoyin burtsatse. Suna tsaye kan taswira aka kira la'asar, sai ya ce masa, “I am coming, sir,” ya juya ya nufi ƙofa. Baturen ya bi shi da kallo, ya ce, “But you are going!” Da yamma ƙanen nawa ya zo yana ba ni labari, ransa a ɗan ɓace: “Yaya, ni ladabi na yi masa, shi kuma yana gyara mini magana.” Dukansu babu mai laifi. Bahaushe ba ya son ya ce wa babba “zan tafi” ya bar shi tsaye, sai ya yi masa alkawarin dawowa tun kafin ya fita. Wannan ladabi ne mai kyau. Sai dai a Turancin Ingila da Amurka, “I am coming” ana faɗinta ne in an kira ka kana tafe wajen mai kiran. In fita za ka yi ka dawo, “I will be right back” ko “Just a moment” za ka ce.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa: aikatau masu nuna hali, ba aiki ba. Mallaka, sani, so, ƙi, buƙata, yarda, fahimta, tunawa. Waɗannan ba abubuwa ne da mutum ke tsakiyar yi ba, halaye ne da yake ciki, kuma Turanci yana barin su a tsura ko da a wannan daƙiƙa ake magana. “I know him.” “She wants water.” “We need money.” “I believe you.” “I understand.” “This house belongs to my father.” “He owes me ten thousand naira.” Abin lura, Hausa ma a wasu daga ciki ba ta amfani da “ina”: “na san shi” muke cewa, “na gane”, “na yarda”, “na tuna”. Duk inda ka ga Hausa ta ɗauki “na” alhali a kan yanzu take magana, alama ce mai ƙarfi cewa tsura Turanci zai so. Waɗanda suka fi yaudara su ne masu “ina”: ina da, ina so, ina buƙata, ina ji.

“Have” shi ne sarkin masu kayarwa, saboda “ina da” tana bakinmu dare da rana. In mallaka ce, ko dangantaka, ko ciwo, tsura: “I have a car”, “I have three children”, “I have a headache.” Amma “have” yana da wata fuskar, inda yake nufin ci, ko sha, ko gudanar da wani abu, kuma a nan -ing halal ce: “We are having lunch”, “They are having a meeting.” Shi ya sa “I am having a goat” ba ta faɗa wa Bature cewa kana da akuya, in ma ta faɗa masa wani abu, to cin ta kake yi. Gwajin “cikin” yana raba su nan take. Ana iya zama cikin taro, ba a zama cikin mallakar akuya.

“Ji” kuwa, kalma ɗaya ce a wurinmu, amma a Turanci ta rabu gida shida, kuma kusan duk gidajen ba sa son -ing. “Ina jin Hausa” ba “I am hearing Hausa” ba ce, “I understand Hausa” ce, ko “I speak Hausa”. “Kana ji na?” a waya, in sabis ya yi rauni, “Can you hear me?” ce. “Ina jin wari”: “I can smell something.” “Ina jin yaji a miyar”: “I can taste pepper in the soup.” “Ina jin zai zo”: “I think he will come.” Lura da yadda “can” ke shigowa ta toshe gurbin da muke son sa -ing a ciki, ga gani, ji, shaƙa da ɗanɗano, ita ce hanyar Bature ta cewa yanzu haka. Gida ɗaya ne ya buɗe ƙofa biyu, wato yadda jiki ko rai yake: “I feel tired” da “I am feeling tired” duka suna tafiya. In kuma da gangan ka kasa kunne, aikatau ɗin ma sauyawa yake yi, ya zama aiki: “I am listening to the radio.” Haka “see” da “look”: “I can see him”, amma “I am looking at him.”

Wasu aikatau kamar “have” suke, fuska biyu gare su, kuma da sigar da ka ɗauka ake gane wacce kake nufi. “I think it is expensive” ra'ayi ne; “I am thinking about it” tunani ne da ke gudana a kai, irin amsar da ake ba ɗan kasuwa kafin a yanke ciniki. “The soup tastes good” halin miyar ne. “She is tasting the soup” cokali yana bakinta. “The bag weighs 50 kilos” nauyin buhun ne; “He is weighing the bag” yana kan sikeli. “I see” na nufin na gane. “I am seeing the doctor tomorrow” na nufin an sa mini rana. Ga kuma wadda ya kamata matasa su kiyaye: “He is seeing her” a kunnen Bature soyayya suke yi, ba hango ta yake yi ba. Har “be” yana shiga wannan sahu. “He is stubborn” halinsa ne tun yana yaro. “He is being stubborn” yau ne yake taurin kai, kuma ana sa ran zai sauko. In za ka yi wa yaro faɗa, ta biyun ta fi adalci, don laifin ta kama, ba ta yanke hukunci a kan halinsa ba.

Akwai wurin da duka biyun ba su da rabo, kuma nan ma “ina” ce ke jan mu: duk jimlar da ke da “tun”. “Tun safe ina jiranka.” “Tun 2015 nake zaune a Zariya.” Hannu zai so ya rubuta “I am waiting since morning” ko “I live in Zaria since 2015”. Dukansu kuskure ne. Da zarar ka ambaci lokacin da abin ya fara ko tsawon da ya ɗauka, Turanci yana buƙatar wata siga ta uku mai “have”: “I have been waiting since morning”, “I have lived in Zaria since 2015.” Darasi ne mai zaman kansa, amma ka riƙe wannan kawai: ka ga “since”, ko “for” da adadin lokacin da ya wuce zuwa yanzu, ajiye duka biyun.

Abin mamaki ga mai koyo shi ne duka sigogin suna maganar gobe. Ga yadda suka raba aikin. In kai ne ka shirya, an sa rana, an sayi tikiti, an gaya wa mutane, -ing: “I am travelling to Abuja on Friday.” “My sister is getting married next month.” In kuwa jadawali ne da wata hukuma ta kafa, ba ruwansa da shirinka, tsura. Wanda zai hau jirgin ƙasan da ke tashi daga Rigasa zuwa Idu, a ce jadawali ya nuna ƙarfe takwas, zai haɗa su a numfashi ɗaya: “I am going to Abuja tomorrow; the train leaves at eight.” Tafiyar tasa ce, lokacin na jirgi ne. Abin da babu mai iya shirya shi ba ya karɓar wannan -ing: ba a cewa “It is raining tomorrow”, domin ruwa ba ya yin alkawari da kowa. Bayan “when”, “if”, “before” da “until” kuma, in maganar gaba ake yi, tsura ce ta saba zama: “idan ya zo zan faɗa masa” ita ce “When he comes, I will tell him.”

“Always” tana da wani sirri da littattafan makaranta ba su cika faɗa ba. An ce mana kalmar sabo ce, da tsura take tafiya, kuma haka ne: “He always prays in the mosque.” Amma in ka haɗa ta da -ing, sai ƙorafi ya shigo: “He is always borrowing my charger.” Daidai da Bahaushe ya ce “kullum cikin aron cazata yake”, da wannan gajiyar a murya. Kada ka yi amfani da ita wurin yabon maigidanka a takarda ba tare da ka san abin da kake yi ba. Tun da muna kan sabo, bari in tsaya kan wani kuskure da ya cika takardun yaranmu: “I use to go there every day” a matsayin “nakan je”. Babu wannan a Turanci. “Used to” ta abin da aka daina ce, kamar “da can nakan je”. Sabon da ke nan har yau, tsura kawai: “I go there every day”, ko “I usually go”.

Ƙa'idar firamare tana sake karyewa ta wani ɓangaren, inda abu ke faruwa a gaban ido amma tsura ake amfani da ita. Duk mai kallon ƙwallo ya san wannan ko bai lura ba. Tuna ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya ci a wasa ɗaya a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha. A irin wannan lokaci mai sharhi “he turns, he shoots, he scores” yake cewa, domin kowane ɗaya ƙiftawar ido ne, ba shi da tsakiyar da za a tsaya a ciki. Da wasa ya lafa sai ka ji ya koma “Nigeria are playing well”, tun da wannan yana ɗaukar lokaci. Haka kalmomin da faɗinsu shi ne yin su: “I promise”, “I apologise”, “I agree”, “I refuse”. Da ka furta ka gama. Kanun jarida ma tsura ne, ko da abin jiya ya faru.

A wasiƙa kuwa, akwai inda zaɓin ya zama na murya, ba na daidai da kuskure ba. “I am writing to apply for the post” ita ce aka saba da ita yau; “I write to apply” ma daidai ce, sai dai ta fi ƙamshin tsohon ofis. “I look forward to hearing from you” ta takardar hukuma ce, “I am looking forward to seeing you” ta aboki ce, ta fi ɗumi. “I am hoping you can help” ta fi “I hope you can help” sassauci, kamar bambancin “ko za a taimaka” da “a taimaka”. Ni a takardar neman aiki nakan ba da shawarar a buɗe da “I am writing”, a rufe da “I look forward”.

Ginin sigogin ba shi da wuya, ba zan daɗe a kai ba. Sigar -ing ƙafa biyu gare ta, “am”, “is” ko “are”, sannan aikatau mai -ing. “He going” gurguwa ce, “I am go” ma haka. Sigar tsura tana neman -s ga shi ko ita, “he works”, kuma da “do” ko “does” take tambaya da korewa. A rubutu, “e” ta ƙarshe tana faɗuwa: make, making, write, writing, da “t” ɗaya, don “writting” na cikin kurakuran da na fi gani. Baƙin ƙarshe yana ninkuwa bayan wasali guda mai ɗauke da nauyin kalma: sit, sitting, begin, beginning, amma open, opening. Lie ta zama lying. Ingila na rubuta travelling, Amurka traveling. Jarrabawarmu tsarin Ingila ta gada, kuma abin da ya fi shi ne ka riƙe ɗaya har ƙarshen takarda.

Wani zai ce, to ai duk Najeriya “I am having” ake cewa, kowa kuma yana ganewa, me ya sa za mu takura kanmu? Ina girmama wannan tambaya. Harshe ba dutse ba ne. Sigar -ing kanta ba ta da wannan ƙarfi a da, shekaru 400 da suka wuce Bature na iya tarar da kai da littafi a hannu ya ce “What do you read?” Jimla irin “The house is being built” sai a ƙarshen ƙarni na 18 ta fara bayyana, kuma masana nahawun ƙarni na 19 sun yi ta sukarta kafin ta zauna. Har yau tana ƙara faɗi: tun 2003 kamfanin McDonald's ke talla da “I'm lovin' it”, ga “love” da littafi ya hana wa -ing. Turancin Najeriya ma yana samun gurbinsa. A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmominmu 29, har da Kannywood da okada da danfo. Ba na jin kunyar “I am coming” in tsakaninmu ne a kasuwar Kwari ko a ofis, kuma ba na son a mayar da ita abin dariya. Amma mai duba takardar WAEC ko NECO da ƙa'idar littafi yake aiki. A insha'in WAEC mai maki 50, an ware 10 don daidaiton nahawu da rubutu, kuma kowane kuskure ragi ne. Mai jarrabawar IELTS, wato gwajin Turanci na masu neman fita waje karatu ko aiki, da mai ɗaukar aiki a ƙasar waje su ma haka. Yaron da ya san duka biyun yana da zaɓi. Wanda ya san ɗaya kawai, an zaɓa masa. Abin da nake so wa ɗalibaina ke nan, su riƙe na gida, su kuma mallaki na takarda.

In lokaci ya ƙure maka a ɗakin jarrabawa, ka rasa wacce za ka ɗauka, ka tuna ta wane gefe kake karkata. Wanda ya taso da Hausa da Broka, hannunsa -ing yake ja, don haka in aikatau ɗin na zuciya ne, ko na ƙwaƙwalwa, ko na mallaka, ɗauki tsura, da wuya ka faɗi. In abu ne da za a iya ɗauka a bidiyo yanzu haka, ana gudu, ana dahuwa, ana gini, -ing ce babu shawara. Wanda ya taso da Faransanci ya juya shawarar: ya riƙa tambayar kansa ko “en train de” za ta shiga jimlar, in za ta shiga to kada ya bar ta tsura. Ka kuma duba kalmomin da ke kewaye, don masu shirya tambaya sukan ajiye alama: “now”, “at the moment”, “this week”, “Look!”, “Listen!” suna kiran -ing, “every day”, “usually”, “often”, “never”, “on Fridays” suna kiran tsura. Alama ce dai, ba hukunci ba, domin “I understand now” tana da “now” amma ba ta motsa ba.

Ita ɗalibar tawa, ban gyara mata da hannuna ba. Na ce ta faɗi jimlolin da Hausa, ta saka musu “cikin”. Ta gwada “ina cikin da difloma”, ta girgiza kai tun ba ta ƙarasa ba. Ta karɓi biron ta rubuta “I have a diploma in nursing and I know how to use a computer.” Sai ta tsaya a layi na gaba, inda ta rubuta “I work as a volunteer at a clinic”, ta ce, “Malam, wannan fa na wata uku ne kawai, kafin in samu aiki.” Na ce to me ta gani? Ta soke “work”, ta rubuta a samansa “am currently working”, ta ninke takardar ta sa a ambulan.